Saɓanin Rubutu da Furuci a Turanci

Turanci na cikin harsunan da rubutunsu ba ya gaya wa mai karatu yadda zai furta kalma. Haruffansa 26 ne, amma sautukan daidaitaccen Turancin Ingila sun kai kimanin 44, kusan 20 daga cikinsu wasula. Haruffan wasali kuwa biyar ne rak, sai "y" da ke kama musu aiki jefi-jefi. Dole harafi ɗaya ya ɗauki sauti da yawa, sauti ɗaya kuma a rubuta shi ta hanyoyi barkatai. Misalin da malamai suka fi kawowa shi ne "ough": a cikin though, through, rough, cough, thought da bough, babu biyu da suka yi furuci iri ɗaya.

Tushen rikicin tarihi ne. Bayan mutanen Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, marubutan da suka saba da Faransanci suka shigo da tasu ƙa'idar, har "cwen" ta koma "queen". A 1476 William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, rubutu ya soma tsayawa wuri ɗaya. Sai dai a daidai wannan zamani, tsakanin kusan 1400 da 1700, dogayen wasulan Turanci suna ta sauyawa a bakin jama'a. Kalmar house da can "huus" ake cewa, time kuma wasalinta doguwar "i" ce irin ta "kifi". Baki ya yi gaba, takarda ta tsaya.

Haruffan da ba a furtawa iri biyu ne. Wasu a da ana faɗinsu: "k" ta knee da knight ta ci gaba da fita har cikin ƙarni na 17, "gh" kuma sauti ce daga maƙogwaro, kusa da "kh" ta Larabci. Wasu kuwa cusa su aka yi. Masana masu ƙaunar Latin suka saka "b" a debt da doubt don nuna asalinsu, alhali ba wanda ya taɓa furta ta. Ita "s" ta island ma kuskure ne tsagwaronsa, domin kalmar ba daga Latin ta fito ba. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara tabbatar da waɗannan siffofi. A Amurka, Noah Webster ya ɗan yi gyara a nasa na 1828, inda color da center suka samu gindin zama, amma gyaran bai taɓa ainihin matsalar ba.

Akwai kuma abin da rubutu ba ya nunawa sam, wato gaɓar da ake dannawa. Record suna ce idan aka danna gaɓar farko, aikatau ce idan aka danna ta biyu. Gaɓoɓin da ba a danna ba wasalinsu kan raunana, shi ya sa "a" ta farko da ta ƙarshe a banana ba su yi kama da ta tsakiya ba. Wannan ya fi haruffan shiru hana a fahimci mai koyo, ko da yake ba a cika ba shi lokaci a aji ba.

Bahaushe yana da nasa wuraren tuntuɓe. Hausar boko kusan yadda aka rubuta haka ake karantawa, don haka ɗalibi kan furta kowane harafi, har da "b" ta comb da "t" ta listen. Hausa ba ta bambance "p" da "f", sai pan da fan su haɗu. "V" kan koma "b", "th" kuma ta zama "s" ko "z". Jerin baƙaƙe ma ba ya zama a harshensa sai ya raba su da wasali, kamar yadda aka samu burodi da sukurudireba daga bread da screwdriver. Amma yana da riba guda: kunnensa ya saba da dogon wasali da gajere, ko da ba ya rubuta su, kuma wannan kan taimaka wajen raba ship da sheep. Manyan ƙamusoshin masu koyo suna nuna furuci da alamomin IPA, wato haruffan ƙasa da ƙasa na rubuta sauti, da ɗan gajeren layi a sama kafin gaɓar da ake dannawa.