Bakinku ne ke mayar da ɗalibi ga ƙwaya

Kusan kowane zangon karatu labarin ɗaya ne. Ɗalibi ya yi ta maza ya shigo ƙaramin rukunin ɗalibai masu taimakon juna su bar shaye-shaye, ya buɗe baki ya ce tramol ya kama shi tun jarrabawar bara. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai ɗakin kwana, ta kai coci da sunan "a sa shi a addu'a". Daga ranar ba a sake ganin ƙeyarsa. Wa ya kore shi? Ku 'yan rukunin ne.

Jami'o'in cocin Adventist, irin su Babcock da ke Ilishan-Remo a jihar Ogun da Valley View a Ghana, sun haramta giya da taba da ƙwaya. Cocin ya daɗe a wannan aiki: shirinsa na kwana biyar na barin sigari ya bazu tun farkon shekarun 1960, a cikin jama'a kuma aka riƙa yinsa. Yau akwai Journey to Wholeness, shirin cocin mai matakai 12 na taimakon masu son barin shaye-shaye. Sai dai inda doka ta yi tsauri, wanda ya faɗa tarko tsoron kora yake yi, sai ya ɓoye, shaye-shaye kuwa a ɓoye yake ƙiba. Hana maganin tari mai kodin da aka yi a Najeriya a 2018 bai cire wa kowa kaɗaici ba.

Rukunin nan shi ne wuri ɗaya tilo da yaron zai faɗi gaskiya ba a yi masa kallon banza ba. 'Yan uwa, don Allah, ku riƙe bakinku! Ko aminin ɗaki, ko budurwa, ko saƙon WhatsApp "tsakaninmu kawai", duk tona asiri ne. Mun san da yawanku da kyakkyawar niyya kuke yi. Niyyar ba ta gyara ɓarnar.

Ga yadda ya kamata rukunin ya kasance, a taƙaice:
- Mutum 6 zuwa 10, maza daban, mata daban.
- Sa'a ɗaya kowane mako, rana ɗaya, wuri ɗaya, har da makon jarrabawa, lokacin da aka fi komawa ruwa.
- Wayoyi a kashe, ba rubuta suna.
- Kowa ya samu abokin kira guda na dare.
- Wanda ya zame ya sha, a ce masa ya dawo mako mai zuwa, ba wa'azi.

Wuri biyu kawai ake fitar da magana: in mutum ya ambaci kashe kansa, ko ya sha fiye da kima har numfashinsa ya yi ƙasa. Nan asibiti za ku kai shi nan take. A sanar da kowa wannan sharaɗin tun zaman farko.

Kuma kada rukuni ya sa mai shan giya kullum, ko tramol, ko diyazepam ya yanke lokaci ɗaya. Yin hakan yana iya kawo jijjiga, na giya da diyazepam har kisa suke yi. Likitan makaranta ne zai tsara yadda za a rage a hankali, ku dai ku raka shi zuwa wurinsa.