Waiwaye: Intaferon da Ƙanjamau, Fatan da Aka Yi da Abin da Aka Gano

Mai bi ta Taminus a Jos ya saba jin masu tallar magani da lasifika suna rantsuwa cewa nasu yana "ƙara ƙarfin garkuwar jiki", har ga mai ƙanjamau. Likitoci ma sun taɓa yin irin wannan fata a kan intaferon.

A 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano shi a Landan, suna bincike kan ƙwayar cutar mura. Sinadari ne da ƙwayoyin halittar jiki ke saki da zarar cuta ta kutsa cikinsu, tamkar usur ɗin ɗan banga da tsakar dare: maƙwabta su ji, kowa ya garƙame ƙofarsa.

Da aka gano HIV a Faransa a 1983, sai hankali ya koma kan intaferon. A 1988 Amurka ta amince a yi amfani da shi wajen sankarar fata ta Kaposi, wadda ke addabar masu ƙanjamau. A 1990 kuwa Kenya ta yi shelar Kemron, ɗan intaferon da ake tsotsa a baki, har Shugaba Daniel arap Moi ya tallata shi. Mutane suka yi tururuwa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, har da na Uganda, ba su ga amfaninsa ba.

Birai ne suka warware zaren. A 2009 aka lura cewa wasu biran Afirka masu ɗauke da SIV, 'yar'uwar HIV, jikinsu kan kwarara intaferon da farko, bayan 'yan makonni ya lafa, kuma ba sa kwanciya ciwo. Biran Asiya kuwa nasu ba ya lafawa, garkuwar ta yi ta aiki ba hutu har ta gaji, su rame su mutu. Wani bincike na 2014 ya ƙara da cewa in aka toshe intaferon a kwanakin farko, cutar tana saurin cin ƙarfin biri. Ashe dai lokaci ne ke raba amfaninsa da illarsa, abin da mai lasifika ba zai tsaya faɗa ba.

Abin da ya ceci rayuka shi ne haɗa magunguna uku da aka soma a 1996, wanda gwamnatin Najeriya ta fara rabawa a 2002, kuma shi ake karɓa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH). Masu bincike yanzu suna gwada ko lafar da intaferon zai rage kumburin cikin jiki da kan saura ga wasu masu shan maganin.