Ma'anar "dirama": kalmar da muka mayar sunan rigima

Kwanan nan duk tashar da ka murɗa sai ka ji "an tafka dirama". 'Yan majalisa sun ba hammata iska, dirama. Wanda ake tuhuma ya yanke jiki ya faɗi a gaban alƙali, dirama. Kishiyoyi sun yi cacar baki a gidan biki, ita ma dirama. Kalmar ta koma tana nufin abu biyu ke nan: ƙaryar da aka shirya don yaudara, da hayaniya marar kan gado. Ta farkon ana iya yi mata uzuri, tunda wasan kwaikwayo ai kwaikwayo ne. Ta biyun ce ke ci min tuwo a ƙwarya, domin ta yi hannun riga da asalin kalmar.

Daga Turanci muka aro ta, su kuma Turawan daga Girkanci suka samo. Tushenta "dran", wato aikatawa, "drama" kuwa abin da aka aikata. Masanin falsafar Girka Aristotal ya bayyana dalilin sunan: ana nuna mutanen ne suna yin abin da kansu, maimakon wani ya zauna ya ba da labarinsu. Idan kaka ta ce Gizo ya hau bishiya, tatsuniya ce. Idan jikanta ya miƙe ya maƙale murya ya zama Gizon, an shiga dirama. Babu dariya a cikin ma'anar, babu faɗa.

Tsari kuwa, da wuya a sami abin da ya fi ta a birnin Atina na ƙasar Girka a ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Babbar gasar ana yin ta ne sau ɗaya a shekara, wajen ƙarshen Maris, a bikin abin bautarsu Diyonisus, a filin da ke gangaren kudu na dutsen Akropolis. Wani babban jami'in birni ke zaɓen marubuta uku na wasan alhini, kowanne ya kawo wasanni uku da ɗan wasan raha guda na rufewa. Shi ne kuma ke ɗora wa attajirai nauyi: kowane marubuci a haɗa shi da mai kuɗi ɗaya da zai biya kuɗin horar da 'yan amshi, da suturarsu, da abincinsu. Wannan kamar haraji ne, ba a cewa ba a so. 'Yan amshin wasan alhini 12 ne da farko, daga baya marubuci Sofokilis ya mayar da su 15, na wasan barkwanci kuwa 24. Alƙalai goma ne, ɗaya daga kowace ƙabilar birnin, kuma ta ƙuri'a ake fitar da su a ranar don kada a saye su tun da wuri.

A wasan alhini, masu magana a dandali ba su wuce uku ba. Da mutum ɗaya aka fara, marubuci Eskilus ya ƙara na biyu, Sofokilis ya ƙara na uku, aka tsaya nan. Duk maza ne, kowa sanye da fuskar aro ta ƙyallen da aka sandarar, wadda ta rufe kai duka har da gashi. Saboda haka mutum ɗaya kan fito a sarki, ya shige ɗakin baya ya sauya fuska yayin da 'yan amshi ke waƙa, ya dawo a tsohuwa ko ɗan aike. Tunda ba a ganin motsin fuska, komai ya dogara ga murya, kuma dubban 'yan kallon ba sa yafe tuntuɓen harshe. A shekara ta 408 kafin Miladiyya wani ɗan wasa mai suna Hegelokus ya zo faɗin cewa bayan guguwa ya hango teku ta kwanta, sai ya kuskure karin sautin kalma ɗaya, ya ce ya hango wata 'yar dabba mai kama da tunku. Bahaushe ya san irin wannan, kamar a ce za a faɗi kukan jariri a ɓuge da kukar miya. Marubutan barkwanci sun daɗe suna yi masa shaƙiyanci a kai.

Ga abin da ya kamata masu "dirama a majalisa" su ji. A wasan alhini na Girkawa, kusan ba a taɓa yin kisa ko doke-doke a gaban jama'a. A bayan fage abin ke faruwa, a jiyo ihu daga ciki, sai ɗan aike ya fito ya zayyana yadda aka yi, wani lokaci a gangaro da wani katako mai ƙafafun taya ɗauke da gawar. Wato jifa da kujera, wanda mu muke kira dirama, shi ne ainihin abin da masu diramar suka ɓoye.

Kuma ba su ɗauke ta abin wasa ba. Bayan Farisawa sun ragargaza birnin Miletus a 494 kafin Miladiyya, marubuci Firinikus ya shirya wasa a kan faɗuwar birnin. Masanin tarihi Herodotus ya ruwaito cewa 'yan kallo sun fashe da kuka, aka ci marubucin tarar dirakma 1,000 saboda ya fama musu miki, aka kuma hana sake nuna wasan. Dirakma guda kusan ladan yini ne na mai sana'a, sai ka lissafa. 'Yan siyasa ma sun sha a wurin, amma a matsayin abin zolaya. A 424 kafin Miladiyya marubuci Aristofanis ya yi wa Kiliyon, wanda ya fi kowa faɗa a ji a Atina lokacin, wankin babban bargo a wasan barkwanci, ya siffanta shi da bawa maƙaryaci mai damfarar tsohon ubangidansa. Wasan ya zo na ɗaya. Ba a jima ba mutanen da suka yi ta tafi suka zaɓi Kiliyon a cikin kwamandojin yaƙinsu.