Daga ina sabon mai karatu zai fara da labaran kimiyya da na almara?

Mene ne bambancin labarin kimiyya da labarin almara?

Labarin kimiyya yana ɗaukar abin da ilimi bai kai gare shi ba tukuna, kamar zama a wata duniyar ko ƙera mutum-mutumi mai tunani, ya nuna yadda rayuwar jama'a za ta kasance idan abin ya tabbata. Labarin almara kuwa ba ya neman hujja daga ilimi, domin aljanu da tsafi da dodanni su ne ginshiƙin duniyarsa.

Dole ne sai da Turanci za a fara?

Ko kaɗan. Wanda ya karanta *Gandoki* na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya, ya riga ya shiga almara, tunda jarumin ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa ƙasar aljanu. A ɓangaren kimiyya akwai *Tauraruwa Mai Wutsiya* na Umaru Dembo, wanda aka buga a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, inda wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi. Gajere ne, Hausarsa mai sauƙi ce, kuma a ganina da shi ya fi dacewa a buɗe ƙofa.

Idan aka koma na Turanci fa?

Shawarata ita ce a zaɓi littafi gajere wanda labarinsa ya ƙare a cikinsa. *Binti* na Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya da aka haifa a Amurka, ya cika wannan sharaɗi, domin ana iya gama shi a zama ɗaya ko biyu. Ya fito a 2015, ya kuma ci Hugo da Nebula, lambobin yabo da ake ba marubutan labaran kimiyya da na almara. Labarin wata yarinya ce 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya da ta bar gida a ɓoye don shiga jami'a a wata duniyar, tana riƙe da kwalbar jar ƙasa mai haɗe da mai, wadda matan ƙabilarta ke shafawa a fata da gashi. Fasinjojin jirgin da ta shiga suna kallonta suna ƙus-ƙus, ita kuma ta ƙi rabuwa da al'adarta, har jar ƙasar nan ta shiga cikin abubuwan da suka tsirar da ita. Duk wanda ya taɓa barin garinsu don neman ilimi zai gane halin da take ciki.

Mai son lissafi da dabara sai ya nemi *The Martian* na Andy Weir, labarin ɗan sama-jannatin da aka bari shi kaɗai a duniyar Mars, ya shuka dankali a cikin ɗakinsa, ya yi taki da bayan gida, ya samar da ruwa daga man roka. Sai dai akwai ashar jefi-jefi a bakin jarumin, don haka ba na yara ba ne. A almara kuma, *The Hobbit* na Tolkien, na 1937, don yara aka rubuta shi tun asali, kuma har gobe manya na jin daɗinsa.

Me ya sa ba a ambaci *Dune* ba, alhali sunansa ya fi yawo?

Saboda shahara daban, sauƙin shiga daban. Littafin Frank Herbert na 1965 yana da kauri, sunaye da kalmomin da ya ƙirƙira kuma sun yi yawan da sai da aka sa masa ƙamus a ƙarshe, sabon mai karatu kuwa yakan gaji da juya shafi baya da gaba. Musulmi zai ci karo da kalmomi irin su Mahadi da jihadi da aka ara aka sarrafa su ta wata fuska, kuma wannan ya fi dacewa da wanda idonsa ya riga ya buɗe a karatun ƙagaggun labarai. A ajiye shi sai an gama uku ko huɗu daga cikin gajerun.

Wanda ba shi da kuɗin saye fa?

Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna nan kyauta a shafin Project Gutenberg na intanet, ana iya sauke su a waya. Daga cikinsu akwai *The Time Machine* na H. G. Wells, na 1895, wanda shi ma gajere ne, ko da yake Turancinsa na da ne, yana bukatar haƙuri a shafukan farko.