Naɗin mariƙin sandar wasan ful

Naɗin mariƙi shi ne zare, fata, roba ko wani abu irinsu da ake naɗawa a wurin da ɗan wasa ke riƙe sandar ful da hannunsa na baya. Ful wasan ƙwallaye ne a kan teburi mai ramuka shida, ɗan'uwan sunuka, kuma a Amurka ya fi kafuwa. A can ne ma sana'ar ƙera sandunansa ta bunƙasa. Aikin naɗin biyu ne: ya shanye gumin tafin hannu, ya kuma daidaita yadda sanda ke kamuwa ko zamewa tsakanin yatsu. Ba ya taɓa ƙwallo, ba ya ƙara wa bugu ƙarfi. Duk da haka 'yan wasa na ba shi muhimmanci ƙwarai, domin hannun da bai yarda da mariƙinsa ba matse shi yake yi, matsi kuwa shi ke karkatar da sanda daidai lokacin bugu.

Wurinsa a jikin sanda

Sandar ful ta yau da kullum tsawonta inci 57 zuwa 58 ne, wato kusan santimita 147, nauyinta kuma oza 18 zuwa 21. Masu kyau gida biyu ne da ake haɗawa a tsakiya da ɗaurin ƙarfe ko na katako. Rabin gaba siriri ne, galibi na itacen mafil mai tauri, kuma shi ke ɗauke da 'yar fatar da ke bugun ƙwallo. Rabin baya ya fi kauri, a tsakiyarsa ne naɗin yake, tsawonsa kamar inci 12, tsakanin katakon ado na gaba da na gindi.

Maƙerin sanda yakan rage kaurin katakon wannan wuri kaɗan, ya bar wani kwarmi marar zurfi kewaye da sandar, don in an naɗa zare ko fata su zo daidai da sauran jikin. Da haka ake gane aikin gwani. In aka bi gaɓar da yatsa aka ji tudu ko rami, aikin bai yi ba, ko da tsadar fatar ta kai ina.

Dokokin kayan wasa na hukumar ful ta duniya, WPA, wadda aka kafa a 1987, sun ce kada sanda ta gaza inci 40, kada nauyinta ya wuce oza 25, kada faɗin bakinta mai bugun ƙwallo ya wuce milimita 14. Batun abin da za a naɗa a mariƙi kuwa an bar wa mai sanda.

Zaren lilin

Wannan shi ne naɗin da aka fi sani, 'yan kasuwa na kiransa lilin ɗin Ailan. Daga zaren jikin karan wani tsiro ake samun lilin, kuma a ƙarni na 19 birnin Belfast na tsibirin Ailan ya zama babbar cibiyar sarrafa shi a duniya. Daga nan sunan ya samo asali, ko da yake zaren da ake naɗawa a sanduna yau ba lallai ne daga can ya fito ba.

Ba don wasa aka fara murza irin wannan zare ba. Zaren kamun kifi ne. Kafin nailan ya mamaye kasuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masunta da masu kamun kifi na nishaɗi a Amurka da zaren lilin suke aiki, saboda ƙarfinsa ƙaruwa yake yi in ya jiƙe. Maƙeran sanduna suka ga yana da ƙwari, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, ga shan danshi, sai suka ɗauko shi. Wanda ya fi yin suna shi ne na kamfanin Cortland, wanda aka kafa a 1915 a garin Cortland na jihar New York. George Balabushka, haifaffen Rasha da ya yi sana'ar ƙera sanduna a Brooklyn na birnin New York daga 1959 har rasuwarsa a 1975, ya shahara da naɗa farin lilin na wannan kamfani mai ɗigo-ɗigon kore. An daɗe da daina yin zaren, shi ya sa masu gyaran tsofaffin sanduna ke farautar ragowarsa. Sandar Balabushka da ke ɗauke da naɗinta na asali ta fi wadda aka sake wa naɗi daraja a wurin masu tara kayan tarihi, ko da na asalin ya yi dauɗa.

Yadda ake naɗa shi ba shi da wuyar bayani, sai dai wuyar ƙwarewa. A ɗora gindin sanda a injin da ke juya shi a hankali, a shafa gam kaɗan a kwarmin, a cusa bakin zaren cikin wani ɗan rami da aka huda, sai a bi da zaren layi kusa da layi ba tare da barin tsaga ba. In an kai ƙarshe a cusa ɗaya bakin a wani ramin. Sannan a ɗan jiƙa shi, a danne da na'urar matsi yayin da sandar ke juyawa, har zaren da yake a mulmule ya kwanta ya zama shafaffe. Wasu na ƙarawa da sitaci, wasu da takarda mai kaki, don ya yi sheƙi. Yawan matsin ne ke yanke hukunci: wanda aka danne sau biyu santsi yake kamar gogaggiyar shadda, wanda aka danne sama-sama kuma yatsa na jin layukan zaren. Saboda haka mutum biyu na iya cewa suna wasa da lilin alhali abin da hannuwansu ke ji ya sha bamban.

Fa'idarsa babba ita ce shan gumi. A yanayi na daidai lilin na riƙe danshin da ya kai kusan kashi 12 cikin 100 na nauyinsa, nailan kuwa kusan kashi 4. Yana kuma barin hannu ya zame in an sassauta riƙo, abin da ya dace da tsohon salon bugu wanda ɗan wasa ke zame hannunsa baya a kan mariƙi kafin ya tura sanda. Jimmy Moore na cikin 'yan wasan Amurka da aka sani da wannan salo. Aibinsa shi ne abin da ya sha ba ya mayarwa: gumi, maiƙon hannu da garin shuɗin allin da ake gogawa a kan sanda duk suna shigewa, farin naɗi ya koma ruwan toka. Shi ya sa baƙi mai farin ɗigo ya fi yawa a kasuwa. Da tsufa kuma yakan yi gashi-gashi, ko bakinsa ya fita ya fara warwarewa. Wasu kamfanoni, irin su Meucci, kan rufe lilin ɗin da ruwan sheƙi. Yana hana dauɗa, amma daga nan lilin ya zama ado kawai, don hannu ba ya taɓa zaren balle ya sha gumi.

Nailan

A ido kamar lilin yake, kuma shi ake samu a sanduna masu araha. Ya fi santsi, ba ya shan gumi sosai, ba ya kuma kwanciya da kyau in an danne shi. Masu gyara na bambance su da wuta: guntun nailan narkewa yake ya dunƙule, na lilin ya ƙone ya zama toka.

Fata

Fata daɗaɗɗen naɗi ce. Sandunan kamfanin Brunswick masu ɗauke da sunan gwanin biliyad (wasa ɗan'uwan ful) Willie Hoppe, na tsakiyar ƙarni na 20, da yawansu fata aka naɗa musu. Hanyar da aka saba ita ce a yanko falle ɗaya siriri, gefe ɗaya ya ɗan fi faɗi saboda sandar tana ƙara kauri zuwa gindi, a manna shi da gam, bakunan biyu su haɗu a layi ɗaya a tsaye. Wannan layin ne jarrabawar mai aiki. Na gwani sai an juya sanda a haske kafin a gan shi, na ɗan koyo kuwa yakan buɗe baki bayan 'yan watanni. Akwai hanya ta biyu, inda ake yanka fatar siririya kamar igiya, a naɗe ta zagaye-zagaye, a goge har ta zama bai ɗaya. Irin wannan ba shi da layin tsaye da zai buɗe.

Fata ta fi lilin kama hannu, ta fi shi taushi, kuma tana ƙara daɗin riƙo in ta saba da hannun mai ita. Mai busasshen hannu, wanda lilin ke suɓuce masa, yakan same ta daidai. Mai yawan gumi kuwa sai ya lura, domin shafaffiyar fata da aka rufe fuskarta da sheƙi ba ta shan ruwa, gumin zama yake a kai, ta yi danƙo ko ta yi santsi. Mai zane-zane ta fi dama a nan, don kwarmin zanen na ba gumi wurin shiga.

Yawancin abin da ake tallatawa da sunan fatar guza, ta kada ko ta kunnen giwa, fatar shanu ce da aka buga wa zane da ƙarfe mai zafi. Na gaske akwai su, har da ta jimina, amma suna da tsada, kuma cinikin fatun namun daji da dama tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a 1973. Ta fuskar wasa, bugaggen zane bai gaza na gaske da komai ba. Ana kuma yin naɗi da fatar alade, don haka wanda ke ƙyamar ta sai ya tambaya kafin ya saya, musamman in tsohuwar sanda ce.

Roba da ɓawon itace

Naɗin roba ko silikon shi ya fi kowanne kama hannu. An fi ganinsa a sandar fasa ƙwallaye, wato wadda ake bugun farko da ita da dukan ƙarfi, inda zamewar hannu ke ɓata bugu. Kamfanoni irin su Predator da Cuetec na sayar da sanduna masu irin wannan mariƙi. Ba ya jin ruwa, ana goge shi da tsumma, amma roba na tsufa: zafi na sa ta yi danƙo ko ta tsattsage. Ga mai bugu da sassauƙan riƙo kuma kamun nata kan yi yawa.

Akwai kuma naɗin ɓawon kok, wanda ake yin murfin kwalba da shi. Daga jikin wani itacen ƙasashen bakin Bahar Rum ake ɓare shi duk bayan shekara tara, kuma kusan rabin wanda duniya ke amfani da shi daga Fotugal yake fitowa. Ba shi da nauyi, ba ya santsi in ya jiƙe, sai dai yana saurin guntulewa. Bai yawaita ba.

Sanda marar naɗi

Ba dole ne a naɗa komai ba. Maƙera da yawa na barin mariƙin katako zalla don kyan itacen ya fito, su rufe shi da ruwan sheƙi. Abin mamaki, a busasshen hannu wannan ya fi lilin kamu, don fatar hannu na mannewa da sheƙin. Da gumi ya zo labari ya canza, sai an riƙa gogewa da tawul. Ba ya warwarewa, ba ya buƙatar canji, kuma hannu na iya matsawa gaba ko baya ba tare da ya ji gaɓa ba, abin da dogayen 'yan wasa masu riƙo kusa da gindi ke so.

Sandunan sunuka kusan duk haka suke. Al'adar Ingila ita ce gaba na itacen ash, gindi na baƙin katako, a shafe da mai maimakon sheƙi mai kauri, babu naɗi. 'Yan wasan biliyad marar ramuka a Beljiyam, Turkiyya, Koriya ta Kudu da Biyetnam su ma sandunansu galibi babu naɗi, amma sukan zura musu 'yar rigar roba da ake mirginawa a kai, a cire in ta gaji. Sandunan haya da ake jinginewa a gidajen wasa, har da na garuruwan Najeriya da Nijar, su ma yawanci katako ne zalla ko nailan mai araha, saboda hannuwa da yawa ke bi ta kansu.

Zaɓi da kulawa

Abin da masu gyara ke fara tambaya shi ne gumi. Mai jiƙaƙƙen hannu lilin da ba a danne sosai ba ya fi dacewa da shi, ko fata mai zane. Mai busasshen hannu ya nufi fata ko katako zalla. Sai yanayin riƙo: wanda ke son sanda ta yi lilo a yatsunsa zai ji daɗin lilin, wanda ke son ta tsaya inda ya ajiye ta zai fi son fata ko roba. Safar hannu da 'yan wasa ke sawa ba ta shiga wannan lissafi ba, don a hannun gaba ake sa ta, wanda siririn rabin ke zamewa a kai. Bambancin nauyi tsakanin naɗi da naɗi kaɗan ne, kuma a sanduna da yawa ana iya gyara shi da ƙusar nauyi da ke cikin gindi.

Kuskure a zaɓi ba asara ba ne, domin ana sake naɗi. Lilin ya fi arahar sakewa, fata ta fi tsada saboda aikin yanka da haɗa baki. Komawa daga ɗaya zuwa ɗaya na iya buƙatar a ƙara zurfin kwarmin ko a cike shi, tunda kaurinsu ba ɗaya ba ne. Sanda marar naɗi ana iya yanka mata kwarmi, amma mai naɗi mayar da ita katako zalla babban aiki ne.

Lilin ana goge shi da tsumma mai ɗan danshi, a bi yadda zaren ya kwanta. Ruwa mai yawa na narkar da gam, zaren ya kumbura ya saki. Fata na son a riƙa shafa mata man fata kaɗan, musamman a wurare masu bushewar iska kamar lokacin hunturu a yankin Sahel, inda takan ƙanƙance layinta ya buɗe. Damina kuma lilin take wahalarwa in an rufe shi da danshi a cikin jaka, sai ya yi wari ko fumfuna. Barin sanda a cikin motar da ke rana na lalata kowane irin naɗi, ya kuma tanƙwara katakon kansa.