Ma'anar "sil ɗin turbo", da laifin da ake yawan ɗora masa

Idan mota mai turbo ta fara fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, ko aka kwance tiyon iska aka tarar da baƙin mai kwance a ciki, maganar da mai mota ya fi ji a gareji ita ce "sil ɗin turbo ya tafi". Kalmar sil ararriya ce daga Ingilishi, kuma a bakin kanikawa tana nufin zoben roba mai leɓe wanda ke rungume sanda mai juyawa don ya hana mai tsiyaya, irin wanda ake samu a bakin karanshaf. Sai dai abin da ake kira da wannan suna a cikin turbo ba irin wancan ba ne, kuma rashin sanin bambancin kan sa mutum ya sayi sabon turbo alhali tsohon lafiyarsa ƙalau, musamman idan turbon ba na kamfani ba ne, ɗora shi aka yi wa motar daga baya.

Turbo, wanda wani injiniyan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi rajistar fasaharsa a 1905, farfela biyu ce a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta biyu tana cusa iska cikin injin. Sandar kan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya, a ƙananan turbo ma har ta haura 200,000, sannan zafin hayaƙin injin fetur yana iya kaiwa digiri 900 a ma'aunin Salshiyas. Babu robar da za ta jure wannan, shi ya sa aka sa wa kowane gefen sandar ɗan zoben ƙarfe mai tsaga, kamar zoben fistin. Babban aikinsa shi ne hana hayaƙi da matsattsiyar iska kutsawa cikin gidan tsakiya inda boris, wato abin da sandar ke juyawa a kansa, yake. Abin da ke tsare mai a ciki kuwa shi ne ƙarfin iskar da ke turowa daga gidajen farfela biyun, da kuma yadda man ke samun hanyar ficewa da sauri kafin ya taru. Saboda haka duk ranar da mai ya taru ya kai ga zoben, zai wuce ta tsagar, ko da zoben sabo ne fil.

Famfon inji ne ke tura mai cikin turbo ta wani siririn bututu daga sama, amma wajen fita babu abin da ke tura shi, nauyinsa kawai ke gangaro da shi zuwa kwanon mai na ƙasan inji, kuma yakan fito ne da kumfa bayan sandar ta kaɗa shi, ya fi cin wuri fiye da yadda ya shiga. A motar da ta zo da turbo daga kamfani an riga an auna wannan hanya. A wadda aka ɗora wa daga baya, bakanike ne da kansa yake huda kwanon, ya zaɓi tiyo, ya lanƙwasa shi yadda wuri ya ba shi dama, kuma a nan galibin ɓarnar take. Tiyon komawa ya kamata faɗin cikinsa ya kai kimanin milimita 16, ya gangara ba tare da ya kwanta ko ya yi ciki a tsakiya ba, ya kuma shiga kwanon sama da inda mai ke tsayawa. Idan bakinsa ya nutse cikin mai, ko zafi ya sa ya lotsa, ko gam ɗin da aka lafta wa gasket ya toshe rabin ramin, to mai zai ja baya ya cika gidan tsakiya. Cika wa inji mai fiye da alamar sandar awo ma yana haifar da irin wannan. Turbon da aka kafa ƙasa-ƙasa, ko can baya kusa da salansa, ba ya da gangare ko kaɗan, dole sai an haɗa masa ɗan famfo mai zuƙe man.

Ta ɓangaren shiga, yawan mai shi ma matsala ne. Turbo mai boris na ƙwallaye ba ya bukatar mai da yawa, shi ya sa kamfanin Garrett ke ba da shawarar matsin mai da ke tsakanin 40 zuwa 45 a ma'aunin matsi na psi a irinsa, ana kuma samun hakan ne ta sa wani ɗan ƙarfe mai rage kwararar mai, mai rami kamar milimita 1, a bakin bututun. Turbon da ba na ƙwallaye ba kuwa, wanda sandarsa ke shawagi a kan mai, yawanci ba ya bukatar wannan ɗan ƙarfe, kuma bakaniken da ya sa masa don kawai hayaƙi ya tsaya, ya rufe alamar ne ya bar sandar da ƙishirwa.

Akwai kuma laifin da ba ya kusa da turbon sam. Idan zoben fistin ya ci, ko hanyar numfashin inji, wadda ke fitar da iskar da ke taruwa a cikin injin zuwa tiyon iska, ta toshe, iska takan taru a cikin kwanon mai ta biyo tiyon komawa zuwa sama, ta tokare man da ke son sauka. Haka nan filtar iska idan ta cushe, abin da ba ya wuya a lokacin ƙurar hunturu, farfelar gaba takan rasa iskar da za ta ja, sai ta zuƙo mai ta tsagar zoben. Barin mota tana kunne a tsaye na dogon lokaci shi ma yana rage ƙarfin iskar da ke tokare man.

Wajen bincike, wurin da aka ga man shi ne shaida ta farko. Idan tiyon da ke kawo iska ya jiƙe tun kafin ya iso bakin turbo, daga numfashin inji man ya fito, turbon wucewa kawai ya yi da shi. Idan a jikin turbon ta waje ne, a wanke wurin tas a tayar da inji a duba mahaɗar bututu da zoben tagullar da ke like ta, kuma kada a yi wasa da wannan, domin mai a kan jan ƙarfen hayaƙi gobara ce. Sannan a kashe inji, a bari ya huce, a kama kan sandar da yatsu biyu. A turbon da sandarsa ke shawagi a kan mai, ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne muddin farfela ba ta gogar bango, amma idan ana jin tana gaba tana baya, ko an ga kartar farfela a jikin gidan, boris ya ci, kuma a nan ne maganar gyaran turbon ko sauya shi take da hujja. A injin dizal bai kamata a jinkirta ba, domin yana iya kama man da ke shigar masa ya riƙa ƙona shi a madadin dizal, ya yi ta gudu ko an zare makulli.

Bayan an gyara, sai an wanke tiyoyin iska da na'urar sanyaya iskar, domin man da ya riga ya kwanta a cikinsu da cikin salansa zai ci gaba da ba da hayaƙi na ɗan lokaci, har mai mota ya ɗauka aikin bai yi ba.