Waiwaye: Tukunyar da aka haƙo, ta wace ce?

A tsoffin unguwannin cikin ganuwa, inda ake rushe gidajen ƙasa ana ɗora na siminti, labarin tukunya ba ya ƙarewa. Lebura na haƙa harsashi ko ramin masai, diga ta bugi wani abu ya yi ƙara, a tone a hankali a ga tulu an toshe bakinsa da yumɓu, cikinsa wuri da ya yi fari fat, ko mundaye, ko 'yan sulalla. Nan take sai ka ji wani ya yanke hukunci: "Ai rikazi ne, a fitar da humusi, saura rabonka." Wannan gaggawar ce ke damuna, domin a Kano sau da yawa ba haka hukuncin yake ba.

Rikazi kalmar Larabci ce, daga tushen da ke nufin kafa abu cikin ƙasa. Asalin hukuncin hadisin Abu Huraira ne da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa a cikin rikazi akwai humusi, wato ɗaya bisa biyar. Imam Malik, wanda ya rasu a 179 bayan Hijira, ya fayyace a Muwaɗɗa cewa rikazi shi ne abin da mutanen jahiliyya suka binne, aka same shi ba da kashe kuɗi ko babbar wahala ba. Hanafawa sun faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da ma'adinai. Malikawa sun raba, suka ce zinare da azurfar da aka haƙo daga ma'adini zakka ce a kansu, ɗaya bisa arba'in. Shi kuwa rikazi a mazhabarmu ba ya jiran shekara, ba ya jiran nisabi, kuma humusinsa na baitulmali ne don maslahar jama'a.

Duk wanda ya zauna a zauren malami ya yi Risala ya wuce ta wannan gaɓar. Amma a Mukhtasar na Khalil ne aka warware ta: abin da Musulmi ko ɗan amana, wato wanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin kariyar Musulmi, ya binne tsintuwa ce. Hukuncin tsintuwa kuwa cigiya ce har shekara guda, a kiyaye mazubinta da maɗaurinta kamar yadda hadisin Zaidu bin Khalid ya koyar. In babu wata alama ko kaɗan, aka rasa na wane zamani ne, sannan a ɗauke shi rikazi. Ko a nan ma, saura bayan humusi na mai ƙasar ne kafin ya zama na wanda ya tono.

To a duba garin da muke ciki. Wangarawa sun shigo da Musulunci fada tun zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, kuma Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Muhammadu Rumfa. Falken da zai tafi Gwanja ya binne abin da ya tara a ƙuryar ɗaki, tsohuwar da ta ɓoye mundayenta lokacin basasar 1893, magidancin da ya ji Turawa na tafe a 1903, duk masu salla ne, kuma mai yiwuwa jikokinsu na unguwar har yau. Kwabo mai huji ko sulai mai kan sarkin Ingila kuwa shi da kansa yake faɗin shekarunsa. Irin wannan dukiya haƙƙin magada ke kanta, maraya ma na iya kasancewa a ciki.

Wasu al'ummai sun bi tasu hanyar. A Rum, Sarki Hadiriyan ya raba biyu tsakanin mai tsintuwa da mai fili. A Ingila zinare da azurfar da aka ɓoye aka rasa mai su na sarauta ne, har dokar 1996 ta sake tsarin.

A Najeriya, gumakan Nok da aka fara cin karo da su wajen haƙar kuza a 1928, da tagullar Igbo-Ukwu da wani mai haƙa rijiya ya tono a 1938, suna cikin abin da ya sa aka yi dokar kayan tarihi ta 1953. Ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta sa kayan fasahar gargajiya da aka ƙera kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana sayar da su ga kowa sai wakilin da aka amince da shi, ta kuma wajabta kai rahoto. Ma'adinai kuma sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya.

Saboda haka wanda digarsa ta bugi tukunya a Yakasai ko Gwammaja yana da ƙofa uku da zai ƙwanƙwasa kafin ya doshi maƙerin azurfa: mai unguwa, don a binciko waɗanda suka zauna a gidan, malamin da ya san fiƙihu, don a bambance rikazi da tsintuwa, sai gidan tarihi na Gidan Makama, inda za a duba ko abin na tarihin garin ne gaba ɗaya.